Kafaɗar Baba da ragon layya

Saura kimanin mako bakwai Babbar Sallah Baba ya ji ciwo a kafaɗa. Na ce kimanin ne domin Inna ta ce shida, kuma ban taɓa cin ta a gardamar kwanaki ba.

A kasuwar Mboppi abin ya faru. Baba ya yi dako a can tun yana saurayi, kafin Allah ya buɗa masa ya kama 'yar rumfar atamfa. Ya bar dako, amma bai bar raina 'yan dakon zamani ba. Ranar nan ya ga ƙarti biyu suna kokawa da dilar atamfa ɗaya, ya ce su matsa ya nuna musu yadda ake yi. Ya ɗaga ta kuwa, wannan kowa ya shaida. Sai dai da bensikin, wato ɗan acaɓa, ya sauke shi a ƙofar gidanmu a New Bell, hannun damansa na rungume a ƙirji kamar jariri, ko hula bai iya cirewa da shi ba.

Ni kuma a shekarar na gama karatu a Yawunde. Aikin motsa gaɓoɓi da gyaran tsoka na koya, wanda a nan ake ce wa kine, amma unguwa duk Dokta ake kira na. Na yi ta bi ina gyarawa cewa ni ba likita ba ne, har na lura gyaran yana ƙara musu daɗin sunan.

Washegari Baffa ya zo dubiya. Ɗan gwaggon Baba ne, taubashinsa ke nan, kuma tun ina yaro ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba, duk da cewa kwano ɗaya suke ci. Ya zauna, ya dubi hannun, ya girgiza kai.

"Bawana, an ce rana ɗaya ka tsufa."

"Dilar da na ɗaga, kai ko inuwarta ba ka iya ɗauka," in ji Baba.

"To ka huta. Bana ni zan yanka maka ragonka. Kai sai ka tsaya gefe ka riƙe mana buta."

Kowa ya yi dariya ban da Baba. Tun da ya yi aure bai taɓa wakilta wani ya yanka masa layya ba. A iya sanina addini bai hana wakilci ba, kuma shi ma ya sani. Amma in wuƙar ta shiga hannun Baffa sau ɗaya, to har ƙarshen rayuwarsu Baba ya zama mai riƙon buta, a gidan suna, a gidan biki, a ƙofar masallaci.

Da Baffa ya tafi, Baba ya kira ni. "Zai warke kafin Sallah?"

"Mai yiwuwa, Baba. Ya danganta."

"Da me?"

"Da abubuwa da dama."

"Shekara uku a Yawunde," in ji shi, "ka dawo mini da ya danganta."

Na matsa sai da muka je lopital, wato asibiti, aka duba. Likita ya ce ƙashi lafiya, tsoka ce ta ɗan yage, a huta kwanaki sannan a fara motsa ta a hankali. Abin da na zata ke nan, amma na fi son wani ya faɗa.

Matsalar ita ce Baba bai yarda tsoka na ciwo ba. A wurinsa tsoka ita ce ƙwanjin nan da ake nuna wa mutane, kuma nasa yana nan daram. Don in fahimtar da shi sai na je wurin mahauta na sayo karfatar tunkiya, na shimfiɗa ta a faranti a gabansa. Na nuna masa babbar tsokar da ke lulluɓe da kafaɗa, wadda ke ɗaga hannu. Na ɗaga ta na nuna masa ƙananan da ke ƙarƙashi, manne da allon kafaɗa, waɗanda aikinsu riƙe kan ƙashi a gurbinsa yayin da babbar ke aiki. Na ce tsoka ba ta iya turawa, ja kawai ta sani, shi ya sa kowacce ke da abokiya a ɗaya gefen mai maido da abin da ta ja. Na ce ɗaya daga cikin ƙananan ce ta ji ciwo, ko dai ina kyautata zaton ita ce.

"Wato kamar dako," in ji Baba. "Ƙato ya ɗauka, ƙarami ya tallafe, in an sauke a yaba wa ƙato."

Na ji daɗi ƙwarai, na shiga ɗaki in ɗauko littafina in ƙara masa bayani. Kafin in fito Inna ta ɗauke farantin. Da rana muka ci darasin da miyar kuɓewa.

Fahimta dai ya fahimta, amma motsin ya ƙi yi. Na nuna masa yadda zai tsaya gaban bango ya riƙa hawa da yatsunsa sama kaɗan-kaɗan. Ya kalle ni har na gama.

"Ni da furfurata in tsaya ina rarrafe a bango kamar gizo-gizo? A gidan nan?"

Yana da hujja. Gidanmu tsakar gida ɗaya ce da ƙofofi shida, ga 'yan haya, ga masu shigowa ɗiban ruwa a rijiya. In ka yi atishawa a ɗaki, daga layi na biyu ake yi maka addu'a. Kafin azahar labarin zai kai kunnen Baffa. Na ce ya rufe ƙofa ya yi. Ya ce namiji ba ya rufe ƙofa da rana sai in yana cin abin da ba ya son rabawa.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ina ganin damtsen yana ɗan zubewa, domin tsokar da aka daina aiki da ita ramewa take yi, ko ta tsohon ɗan dako ce. Na shiga damuwa har abinci ya daina yi mini daɗi. Inna ta lura. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai wannan, me kake so hannun ya yi?"

"Ya riƙa miƙewa sama, Inna, kullum ya ɗara na jiya kaɗan. Daga baya kuma ya riƙa ja, ya riƙa damƙa."

"Shi ke nan?"

"Kusan shi ke nan."

Akwai ƙusa a bangon ɗakin Baba inda yake rataye hula da carbi. Sau biyar a rana yake ɗauka, sau biyar yake mayarwa, kuma ba ya ɗaukar carbi da hagu ko sama za ta faɗo. Da ya fita sallar la'asar, Inna ta zare ƙusar da bakin tsohuwar wuƙa, ta buga ta sama kaɗan da taɓarya. Bayan kwana biyu ta sake. Na kawo abin awo na ce yatsa ɗaya ya isa, kada a yi gaggawa. Ta ce to, ta matsa yatsa biyu.

Daga nan kuma sai Inna ta zama ragguwa. Matar da ke sauke tukunyar biki ita kaɗai ta kasa buɗe murfin kwalbar yaji, sai Malam, kamar yadda take kiran Baba, ya taimaka. Damina ce, wanki ba ya bushewa a Douala in ba a matse shi sosai ba, sai Malam ya matse mata zani. Da aka shiga mako na huɗu bayanta ya fara ciwo daidai lokacin jan ruwa, kuma abin mamaki ba ya tashi sai ba kowa a tsakar gida sai shi. Ni nake laɓewa in tabbatar gugan rabi ne, ina ƙirga ja nawa ya yi.

Wata rana na shiga na tarar da shi tsaye yana kallon ramukan da suka jeru a bango, ɗaya bisa ɗaya.

"Dokta," ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "a karatunku, mutum na gajarta ne in ya tsufa, ko bango ne ke girma?"

"Akan ɗan gajarta, Baba. Wani lokaci."

"Haka na zata." Ya miƙa hannu ya rataye hularsa.

Ranar jajibere da hantsi yana zaune yana wasa wuƙa, rago na ɗaure a gindin rijiya yana cin dusa. Ya ce in zo.

"Gobe zan iya ko ba zan iya ba? Ba na son ya danganta."

Yanka ba wurin gwaji ba ne. In hannu ya saki a tsakiya, dabba ta wahala, kuma dole Baffa ya karɓi wuƙar ya ƙarasa a gaban jama'a, wanda ya fi riƙon buta muni sau goma. In kuma na ce ba zai iya ba alhali zai iya, na ƙwace masa abinsa saboda tsorona kawai. Na roƙi ya bari in gwada shi tukuna. Na kwance igiyar guga, na ba shi baki ɗaya, na riƙe ɗaya, na kafe ƙafa. Na ce ya durƙusa yadda zai durƙusa gobe, ya ja da ƙarfi sau ɗaya, ni kuma zan kalli kafaɗar.

Ban samu ganin kafaɗar ba. Na dai tsinci kaina da gwiwa ɗaya cikin kwanon dusa, ni da rago muna kallon juna.

"Ya yi zafi?" na tambaya daga ƙasa.

"Kaɗan. Amsa nake jira."

"Za ka iya." Bakina ya buɗe zai ƙara wani abu, Inna ta yi tari daga kicin. "In sha Allahu," na ce.

"Wannan na yarda da shi," in ji Baba. "Ba daga Yawunde ka kawo shi ba."

Da muka dawo daga idi ana yayyafi. Baffa ya riga mu isowa, wuƙarsa naɗe a takarda, wai ko da za a buƙata. Muka kayar da rago, Baffa ya danne ƙafafu, ni na riƙe kai. Baba ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya fuskanci alƙibla. Ban kalli wuƙa ba, kafaɗar nake kallo, ina ganin tsokar tana tashi a ƙarƙashin farar shadda. Ya yi bisimilla da kabbara, ya ja. Kafin in gama fargaba an gama.

Ya miƙe a hankali, ya miƙa wa Baffa wuƙar ta ƙota. "Bawa, wanke wa ubangidanka."

"Ragon ne ya ji tausayinka," in ji Baffa, amma ya karɓa ya wanke.

Ana fara fiɗa Baba ya ce zai canza riga, ya yafito ni da ido. Da muka shiga ɗaki ya zauna a bakin gado, sai na ga hannun yana rawa tun daga kafaɗa har yatsu. Na taɓa, na ɗaga, na juya shi a hankali. Gajiya ce, babu abin da ya sake yagewa, kuma wannan karon ban nemi wani ya faɗa mini ba.

"Je ka ce wa innarka ta ɗora ruwan zafi," ya ce da ƙaramar murya. "In bawan nan ya tambaya, ka ce shayi za a dafa."