Muryar Shahata Mai Kankana

Duk unguwar Shubra ta birnin Alƙahira babu wanda bai san muryar Shahata ba. Shekara ashirin da biyu yana tura amalanken kankana, idan ya kwarara "Ja ce kamar jini, a yanka a gani!" har tantabarun kan bene sai sun tashi. Ladanin masallaci ya taɓa roƙonsa ya riƙa jira a gama kiran salla. Mutumin da bai iya raɗa ba ke nan, ko sirri zai faɗa maka sai mahaucin tsallaken titi ya sa baki.

Matarsa Nawal ta haifa masa 'ya'ya biyar, na ƙarshen ya kusa tafiya da ita. Likita ta ce kada a sake, wani cikin zai iya zama ajalinta. Tun daga nan take shan ƙwayar tsarin iyali kullum. Sai ga bikin ƙanwarta a ƙauye, ta mance ƙwayar a Alƙahira har kwana biyar, kuma ranar da ta dawo Shahata ya yi murnar dawowarta fiye da kima.

Da safe ta ce, "Baban Hoda, akwai ƙwayar gaggawa. Sauka kantin magani ka karɓo, ƙafata ta kumbura."

Ya sauka yana huci kamar zai ci kantin da yaƙi. Yana shiga ya tarar da mata uku, duk masu sayen kankanarsa. Wallahi muryar nan ta bi iska! Ya fito da maganin tari.

Ya saka shi a kwandon da Nawal take zurowa da igiya daga hawa na huɗu, ta jawo, ta leƙa ciki, ta leƙo shi.

"Tari na ce maka ina yi?"

Ya koma da la'asar, ya fito da man zafi. Washegari ya sayo auduga. Daktora Mariyan mai kantin ta fara tambayarsa ko asibiti zai buɗe.

Nawal ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ta ce a hankali, "Ƙwayar nan lokaci gare ta, ya kai mutumin nan. In kunya ta fi ƙarfinka, to ka koyi yi wa Hoda kitso."

Ya tuna barandar asibiti ranar haihuwar autansu, da jaririn da aka miƙo masa ba a ce komai game da uwar ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya sauka, ya tarar da kantin cike, ya rufe ido, ya buɗe baki. To, Shahata murya ɗaya gare shi.

"Daktora! Ƙwayar gaggawa ta hana ɗaukar ciki! Ta matata ce!"

Wata tsohuwa ta ce, "Masha Allah, da sauranka ashe!"

Daktora ta danne dariya. "Baba Shahata, da jiya ka yi wannan ihun ya fi, gara a sha da wuri. Ta sha yanzu. In ta yi amai cikin awa biyu ka dawo. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, kuma ba ta kullum ba ce, ta koma kan tata. In al'ada ta yi jinkirin mako, a yi gwajin ciki."

Ya fito gumi sharkaf. Kwandon na nan yana lilo daidai kansa, Nawal na sama riƙe da igiya da kofin ruwa.

"Na samo!" in ji shi.

"Na ji," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Duk Shubra ta ji. Saka a ciki."