Mai Lauje da Ciyawar da Ta Dawo

Mai Lauje bai iya zama ba. Matarsa takan ce ko a kan tabarmar salla, da ya sallame ƙafarsa ta riga ta shiga takalmi.

Masunci ne, ɗan masunci. Yana ji yana gani kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta cinye tafkinsu har kwalekwale ya rasa hanya, kifi ya yi ƙaura. Ya ajiye komarsa ta kamun kifi ya ɗauki lauje. Shekara shida yana yanka tana tsirowa, kafin ya gano cewa in aka sare ta can ƙarƙashin ruwa, kututturen ya kasa numfashi ya ruɓe. Ruwa ya buɗe, tarwaɗa ta dawo, sunan ya bi shi.

Da ƙungiyar masu gyaran tafkuna ta kira taron koyon juna, aka tsayar da shi gaban allo a wani aji mai fanka ɗaya. Gumi ya wanke shi. Cikin minti biyar ya zazzage bayaninsa, a yanka kamu biyu ƙasa da ruwa, shi ke nan, ya fice. Wani masunci daga tafkin gabas, ana ce masa Dogo, ya rubuta tsaf.

Bayan wata huɗu Dogo ya turo hoto a waya. Kacala ce kore shar, ta fi da cika. Mutum arba'in sun yi wata biyu cikin ruwa, matsattsaku na shan jininsu, kuma ga shi sun fara cewa ba za su sake shiga ba.

Abin ya tsaya wa Mai Lauje a rai. Ya shiga ɗaki ya fito, ya wasa laujen da ba ya bukatar washi, abinci ya huce a kwano. Sai da ya je bakin ruwa, idonsa ya faɗa kan dutsen da yake dubawa kullum kafin ya shiga, sannan ya gane. Shi ba ya yanka sai ruwa na hawan dutsen. Su Dogo sun yanka ruwa na janyewa, kututture ya fito ya sha iska. Bai taɓa ɗaukar wannan duban a matsayin ilimi ba, shi ya sa bai faɗa ba.

Washegari ya hau mota da laujensa. Ya tarar da su Dogo zaune, babu mai fara'a.

Ya ce, "Ɗan'uwa, aikinku daidai ne. Ni na ba ku rabi na tafi da rabi."

Dogo ya ce, "To Baba, ruwa ba zai hau ba sai nan da sati bakwai. Za ka jira tare da mu?"

Mai Lauje ya kafa sanda a bakin ruwa, ya yi mata tsaga da lauje don auna hawan ruwan. Sannan ya nemi wuri kusa da ita ya zauna.