Abin da Hajiyar Zongo ta gani a kwamfutata

Sallame sallar asuba ke da wuya muka bar Tamale, ni da abokin aikina. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti. Hoton ƙirjin majinyaci sai an kulle shi da lambar sirri kafin a tura wa likita, injinmu kuwa yakan yi ta ja, marasa lafiya na zaune suna jira. Wani direba ya ce akwai injiniya a Zongon Wagadugu da ke haɗa ɗan allon lantarki mai saurin kulle hotuna.

Mun tsallaka iyaka a Paga, a garin Po muka ci shinkafa da wake, wadda suke kira benga. Shigarmu Waga, baburan mata suka kusa kwashe mu.

A Zongo aka nuna mana shagon atamfa. Na durƙusa na gaida dattijon da na tarar, na shiga kwararo bayani. Ya bari na gama.

"Hajiya kake nema. Ni yadi na sani."

Ashe injiniyar matarsa ce. Ta daɗe tana koyar da aikin lantarki. Ta fito da allo bai kai tafin hannu ba.

"Ɗana, ordinatarka, wato kwamfutarka, gunduwa-gunduwa take kulle bayani, sai ta gama ɗaya ta ɗauko wata. Wannan kuwa kafin ta farko ta fita, goma sun shiga layi."

Ta jona shi da kwamfutar aikina da na zo da ita. Hotunan gwajin da kan kai mu daga azahar zuwa la'asar, ban shanye kofin zomkom, ruwan geron da ta ba ni, ba ta ce an gama. Na ƙi yarda sai da na buɗe su, ga su lafiya lau.

Sai ta leƙa kwamfutata, ta nuna wani fayil.

"Mabuɗin sirrin ne wannan, a gefen hotunan mutane? Tun yaushe?"

"Tun da na kama aiki, Hajiya."

"Innalillahi! Duk wanda ya ɗauke na'urar nan ya karanta cutar kowa."

Sirrin maƙwabtana ne a ciki, har da na ƙanwar mahaifiyata.

Washegari muka juyo da allon. Da isarmu Tamale ban biya gida ba, asibiti na wuce na raba mabuɗin da hotunan, sannan na je na faɗa wa shugabanmu da bakina. Sauri na je nema, ashe sakacina ya fi jinkirin haɗari.