Ranar da Na Hana a Gina Makaranta a Filin Baffa

Abubuwa da yawa na yarinta sun shige mini duhu, amma ranar da na tsaya gaban dattawan garinmu na ƙi bin umarnin Baffana, ita kam da ita za a binne ni. Ina 'yar shekara goma sha biyu lokacin, a wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum.

Ba a daɗe da fita daga bala'in gubar dalma ba. Maza na kawo dutsen zinari daga daji a niƙa shi cikin gidaje, ƙurar mai dalma tana shiga jikin ƙananan yara. Ƙanena na cikin waɗanda suka tafi, ko yaye shi ba a yi ba. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar gidajenmu, suka zuba sabuwa. Da hankali ya kwanta sai aka taso da maganar gina makaranta da filin wasa. Baffa, yayan mahaifina, ya ba da filinsa na bayan gari sadaka. Liman ya sa masa albarka, shi kuwa ya riƙa yawo yana gyara babbar riga.

Wadda aka turo ta zana ginin wata mace ce daga Gusau. Da dattawa suka gama nuna mata filin sai ta ce a tara mata yara. Aka yi ta dariya. Baffa ya ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ta ce, "Haka ne, Alhaji. Sai dai ba ku za ku zauna ajin ba." Wallahi tun daga nan matar ta kwanta mini a rai.

Bayan la'asar aka tara mu gindin tsamiya, aka ɗebo laka daga kududdufi, ta ce mu gina mata garinmu a ƙasa. To mu da muka saba ginin 'yar gida, wannan ai tuwo ne da miya. Muka gina masallaci da rijiya da lungunan da muke bi. Maza suka nuna mata inda ruwan damina ke yanke hanya. Wata ƙawata ta ce in aka sa ƙofar makewayi tana kallon majalisar maza, babu yarinyar da za ta shiga ko cikinta zai fashe. Matar ba ta yi dariya ba, ta rubuta. Dattawa na zaune kan tabarmi suna kallonmu, sun ɗauka wasa ne.

Sai ta ɗauki wani ɗan dutse ta ajiye daidai filin Baffa, ta ce nan ajinku, nan kuma wurin wasan ƙannenku. Nan take na tuna abin da ke binne a filin nan. Lokacin da aka ji masu kankare ƙasa na tafe, Baffa ya sa mu yaran gida muka kwashe ragowar garin dutsen da ke bayan injinsa na niƙa. Kwana uku muna jidarsa a ka, muna zubawa a wani rami cikin wannan filin, aka rufe da ƙasa. Ma'aikatan sun tambayi masu gidaje inda aka yi niƙa, mu da muka yi dako ba wanda ya tambaya. Ciyawa ta fito, magana ta mutu. Na dubi sauran yaran, kowa ya sunkuyar da kai.

Na miƙa hannu na ɗauke dutsen. Na ce, "Ban da nan."

Baffa ya miƙe. "Ke! Mai da dutsen ga inda kinka gane shi."

"Ba ni maidawa, Baffa. Wurin ga munka zuba garin dutse. Da kaina na jide shi."

"Ƙarya kikai, 'yar banza! Wa ya aike ki?"

Mahaifina ya daka mini tsawa, ya ce in wuce gida. Hawaye na zubo mini, amma na damƙe dutsen nan na ƙi motsawa. Ba jarunta ba ce. Fuskar ƙanena kawai nake gani, lokacin da yake sanƙarewa a cinyar Inna. Na ce, "Baba, ko yanka ni za a yi, ƙannena ba su wasa bisa ƙasar ga." Can sai 'yar Baffa ta cikinsa, wadda muka yi dakon tare, ta ce a hankali, "Ni ma na ɗauka." Daga ita sai wani, sai wata, har aka rasa wanda za a tsawata wa.

Matar ba ta ci mutuncin kowa ba. Cewa ta yi ba za a kafa ko turke ɗaya ba sai an gwada ƙasa. Bayan kwana biyu aka zo da na'ura, muka nuna inda za a haƙa. Ba a yi nisa ba sai ga garin nan toka-toka. Aka kwashe shi, makaranta kuma aka mai da ita gabashin gari, da ƙofar makewayi tana kallon katanga.

A gida ne na sha mamaki. Mahaifina ya shigo da tsumagiya, ya ce na tozarta yayansa a bainar jama'a. Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ta taso daga bakin murhu ta tsaya tsakaninmu. Ta ce, "Malam, ɗa guda na rasa ina shiru. Wagga kam ba a taɓa min ita." Sai ya jingine tsumagiyar ya fita.

Baffa bai sake amsa gaisuwata ba har Allah ya yi masa rasuwa. Abin ya yi mini ciwo, don yana sona a da. Ba na zaton ya yi nufin cutar da kowa. Gani yake abin da aka rufe da ƙasa ya wuce, kuma kunyar janye sadakarsa ta fi ƙarfinsa. Ina masa addu'a, amma ban taɓa ba shi haƙuri ba, don ban yi laifi ba.

Abin da na koya shi ne, wanda zai gina wa yaro wuri ya fara tambayar yaron, don yara ke taka ƙasar da ƙafa ba takalmi, su ake aika lungun da babba ba ya shiga. Ladabi kuwa ina da shi, kuma ina koya wa 'ya'yana. Sai dai na gaya musu, duk shirun da zai kai ga a haƙa wa yaro kabari, kada su kuskura su yi shi, ko da ni ce na ce su yi shiru.