Kafintan da Ya Yi wa Motocinmu Jiki

Motar fasinja ta farko da ta zo garinmu, can cikin tsaunukan arewacin Fotugal, ba ta da jiki. Inji ne kawai da tayoyi da sitiyari, direban kuma yana zaune a kan akwatin sabulu. Mai kamfanin sufurin, Telmo Varejão, ya sa aka tsayar da ita a ƙofar shagon kawuna Abílio, ya ce a gina mata ɗakin da zai ɗauki mutum goma sha huɗu.

Kawu Abílio kekunan doki ya iya yi, sana'ar da ya gada. Kwana uku yana zagaya motar da ma'auni a hannu. Sannan ya zaɓi katako mafi kauri, ya yi mata bencina da labulen tamfol da tsanin hawa da kaya. Aka shafa mata koren fenti, aka rubuta mata Lamba Ɗaya.

Ranar da ta fara aiki ta kasa hawa tudun bayan gari, nauyi ya yi mata yawa. Fasinjoji suka sauko suna turi, har da limamin cocinmu. Direban, Gaspar, mutum ne mai tsiya, da ya dawo sai ya leƙa shago.

"Maigida Abílio, mota aka ce ka yi mana, kai kuma ka gina coci."

Kawu ya yi dariya tare da kowa. Washegari ya kwance aikin, ya dinga fere katakon har motar ta iya hawa tudu. Daga nan kowace ya yi sai ta fi ta baya sauƙin nauyi. Lamba Uku ce ta fara samun gilashi. Lokacin yaƙi, da fetur ya yi wuya, ya ɗora wa Lamba Biyar tukunyar gawayi a baya don injin ya yi aiki da hayaƙinsa, mata suna isa kasuwa gyalensu na warin hayaƙi. Cikin shekara ashirin mota tara ya yi wa jiki, kuma daga cikin shago yakan gane wadda ke wucewa ta kukan katakonta.

Wata safiya cikin hunturu, ƙanƙara ta daskare a hanya, Lamba Bakwai ta zame a kwana ta faɗa kwazazzabo. Injin ko lanƙwasa bai yi ba, amma jikin ya tarwatse. Mutum uku suka rasu, cikinsu har da Gaspar. Ba wanda ya ɗora wa Kawu laifi, kowa ƙanƙarar yake zagi. Shi kuwa ya gangara kwazazzabon da ƙafarsa, ya kwaso ɓaraguzan, ya jera su a shago yana duba inda kowanne ya karye.

Bayan sati biyu Telmo ya zo a yi wa injin sabon jiki. Ina wurin, na kawo wa Kawu miyar kabeji da burodi.

"Ka sayo masu jikin ƙarfe, maigida," in ji Kawu.

"Ka san abin da kake faɗa? Abincinka ne fa."

"Na sani. In na yi shi da kauri ba ta hawa tudu, in na rage shi ba ya kare mutum. Na nemi tsakiya, ban samu ba."

Telmo ya yi lallashi har ya gaji. Kafin bazara motocin ƙarfe biyu suka iso daga birnin Porto, aka riƙa janye na katakon ɗaya bayan ɗaya. Shago ya yi tsit. Inna Deolinda, matar Kawu, ta shekara tana mita cewa ya kori kansa da bakinsa, shi dai sai ya ce ta yi haƙuri.

Ya koma yin ƙofofi da gangunan man zaitun. Duk kaka yakan je gidan matar Gaspar ya gyara abin da ya lalace, in ta tsayar da shi cin abinci ya ci, ba sa maganar motar. Hannunsa ya fara rawa sa'ad da yake yi mini teburin aurena, ƙafa ɗaya ta fito gajeriya, ya ce in kawo ya gyara. Ban kai ba ya rasu, lokacin tsinkar zaitun. Har yau da ɗan guntun katako muke tokare ta.