Huhu a Kwalbar Fitila

Kafin yara su gama shan kunu, Mushe Hayatu, wato Malam Hayatu a bakin ƴan boko na Nijar, ya riga ya jingine kekensa a gindin dogon yaro, ya buga ƙarfen kiran lakwal, wato makarantar boko, ya tsaya bakin ƙofar aji yana duba faratan yara da bayan kunnuwansu. Aljihunsa ba ya rabuwa da alli, da igiya, da ƙusa, wani lokaci har da matacciyar fara. Haka yake tun farkon samun ƴancin kai, lokacin da aka turo shi wani ƙauye na ƙasar Tajaye, har bana da ya ajiye alli. Tun da ba a ga alamar za a rataya masa lambar girma ba, bari a faɗi abin da mutane suka gani da idonsu.

Cutarsa ɗaya ce, kuma har yau bai warke ba: ba ya iya koyar da abu sai yaro ya taɓa shi. Ya taɓa sa yara su kawo kwaɗi, kwaɗin suka ƙare a randar makaranta. Ya taɓa binne mushen akuya don a tono ƙasusuwan a yi karatu, karnukan gari suka riga shi. Mai gari Mumuni, wanda dama yake ganin lakwal ba ta da aiki sai raba yara da gona da kiwo, ya kira shi ya ce, "Mushe, ƙara guda tar rage maka. In anka sake kawo min kukanka, da ƙahwata zan tahi Illela in ce ma kumanda mai mulki shi ɗauke ka." Maganar ta shiga Hayatu sosai, don ya san idan aka ɗauke shi ba wani malamin da zai yarda ya zo wannan lungu. Ajin ne zai rufe. Ya yi wata da watanni yana koyarwa da alli kaɗai, kamar mai azumi.

Sai darasin numfashi ya zo. Zanen huhun da ke littafi ya fi kama da ganyen kabewa, yara suna kallonsa suna hamma. Hayatu ya kasa haƙuri. Ya taka keke har kasuwar Birnin Konni ya sayo balan-balan, ya yanka tsohuwar robar cikin tayar kekensa, ya tara bututun biro da sakaina da kakin zuma. Abin da ya rage shi ne kwalba mai baki sama da ƙasa, kuma ba mai irin wannan sai ta fitila. Tasa a fashe take, an liƙe ta da takarda. Don haka ya ce wa yara duk wanda ke da tsohuwar kwalbar fitila a gida ya kawo. Ya manta cewa a wurin yaro, duk abin da ya kwana biyu a ɗaki tsoho ne.

Washegari teburinsa ya cika da kwalabe, wasu da baƙin hayaƙin jiya a jikinsu. Mai hankali da ya ce a mayar da su nan take. Shi kuwa cutar ta motsa. Ya raba yaran rukuni-rukuni, kowa ya ɗaure balan-balan a bakin bututu, ya zura a kwalba, ya toshe sama da sakaina da kaki, ya ɗaure roba a ƙasa kamar fatar ganga. Na farko iska ta riƙa tserewa ta gefe. Na biyu ya fashe, yarinya guda ta shige ƙarƙashin benci. Da hantsi, wata yarinya mai suna Shatu ta ja robar tata ƙasa, balan-balan ya kumbura a cikin kwalba. Ta saki, ya motse. Ajin ya ɓarke da ihu, har ba wanda ya ji zuwan matan gari.

Hawa'u mai ƙosai ce a gaba, uwar Shatu, wadda ta yi suyar asuba da lalube.

"Mushe! Hitilata na can gida tsirara, kai kana nan kana wasa da rigarta!"

Ta fizge kwalbar daga hannun ɗiyarta, ta kama kunnen yarinyar da ɗaya hannun, ta nufi ƙofar mai gari. Mata suka bi ta, yara suka bi mata, Hayatu na ƙarshe, yana kallon ajinsa yana lissafin abin da zai iya ɗaurawa a keke.

Mai gari ya karɓi abin ya jujjuya. Hayatu ya buɗe baki zai yi bayani, tsohon ya ɗaga hannu.

"Ba kai nit tambaya ba. Ke ɓarauniyar, mi ne ne wanga?"

Shatu ta share hanci. "Ƙirjinka ne, Baba. Wagga kwalba haƙarƙari, na ciki huhu. Akwai wani nama ƙarƙashin huhu, in yaj ja ƙasa iska shi shiga. Ja ka gani."

Ya ja. Huhun ya cika. Ya saki, ya sa tafin hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa ya ja numfashi. Ya sake ja. Liman ya miƙo hannu, aka ture hannun.

"Ranka shi daɗe," in ji Hawa'u, "ƙara hwa nik kawo."

"Na jiya," in ji shi, bai ɗago kai ba. Can ya dubi Hayatu. "Ni na aza labarin garin Nasara ɗai kaka koya musu. Ashe har da abin da ke cikin rigata."

Hukunci ya fito: a wanke kwalaben mutane a mayar musu kafin azahar, wannan kuwa za ta zauna wurin mai gari a matsayin shaida. Hawa'u ta tambayi da me za ta kunna fitila, aka ce Mushe ya ba ta tasa. Fasasshiyar ta samu, kuma har yau ba su haɗu a hanya ba tare da ta tuna masa ba. Hayatu ya miƙe zai tafi, tsohon ya kira shi ya rage murya.

"Akwai jikokina biyu da nib ɓoye rugga ranar da anka zo rubuta yara. Gobe ka aje musu wuri."

Mushe Hayatu, kai ne ka riƙe ajin nan a buɗe lokacin da rufe shi ya fi sauƙi ga kowa. Kai ne ka sa yaran talakawa suka yarda cewa ilimi abu ne da hannunsu zai iya haɗawa. Mai alli da igiya, ba ka tara komai ba sai ɗalibai, kuma muna ƙaunarka saboda haka. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka tsawon numfashi cikin lafiya. Sababbin malaman da ake turowa ƙauyuka, ku bi sawunsa, ku bar yara su taɓa abin da suke karantawa. Amma don Allah, ku fara neman izinin iyaye mata.