Mai Moɗa a Garkar Inna

Bakin autanmu ne ya jawo mana wannan aiki. Shekararsa ta farko a Jamus, inda ya je koyon gyaran injuna ya zarce da aiki, ya kira Inna wata Juma'a ina zaune kusa da ita a gidanmu na Geceme. Cikin hira ya ce ya ziyarci wani abokin aikinsa, aka tambaye shi ko zai sha wani abu, shi kuma don kunya ya ce a'a. Shi ke nan, mutanen suka ɗauki maganarsa, ya zauna har ya tashi maƙogwaro a bushe. Da dariya ya faɗa, amma Inna ba ta yi dariya ba.

"Tambayar ka anka yi?" in ji ta. "Ana tambayar baƙo in za shi shan ruwa? Wane irin gari na wanga?"

Duk wanda ya san Inna ya san randar da ke ƙofar gidanta, da moɗa kife a kan murfin. Makiyayi, mai amalanke, matar da ta dawo daga itace, kowa ya sha ya wuce. Tun daga ranar nan hankalinta ya tashi. In auta ya kira, kafin gaisuwa sai ta ce, "Ka sha ruwa?" Na yi mata bayani har na gaji cewa famfo ne a cikin ɗakinsa. Ta ce ita ba maganar famfo take ba, maganar mutane take. Tsoro take ji ɗanta yana cikin waɗanda ba za su kula da shi ba in wani abu ya same shi.

Don ya kwantar mata da hankali, auta ya ba ta labarin wani tsiro da ake nomawa gonaki-gonaki a hanyarsa ta zuwa aiki. Ya fi mutum tsawo, furensa ruwan ɗorawa, ƙudan zuma na rububinsa. Ganyensa biyu-biyu suke fitowa suna kallon juna, gindinsu ya haɗe ya zagaye karan, sai ya zama ɗan mazubi. In an yi ruwan sama ya taru a ciki, tsuntsaye su zo su sha. Ya ce, "Kin gani Inna, nan har ganye na aje ruwa." Inna ta ce ƙarya yake. Ya turo hoto, ta ce tun da ta ga yadda waya ta mayar da ni fara sol, ita da yarda da hoto har abada. In gaskiya ne ya aiko da irin ta shuka da hannunta.

Irin ya iso a jakar wani ɗan garinmu da ya zo hutu. Ƴan fale-fale ne masu ruwan ƙasa, sun fi ƴaƴan guna rashin kauri. Tare da su sai ga sharaɗi: ba sa tsira sai sun kwana cikin sanyi da laima na wajen wata biyu, don a inda suka saba, ƙarƙashin ƙanƙara suke kwanciya kafin su farka. Inna ta ce a sa su gindin randa. Auta ya ce sanyin randa wasa ne, sai firigo, wato firiji. Ta gauraya su da jiƙaƙƙen rairayi, ta yago baƙin tsumma daga tsohon zanenta, ta ƙulle, ta naɗe da jan zare tamau don kada ya zube. Ni da nake koyarwa a Dogon Dutsi aka ɗora wa kai shi birni.

Firigon da na fi yarda da shi na ɗan kawuna ne, taubashina, mai kanti kusa da tasha. Saurayi ne mai gemu da ɗangalallen wando, mai tsantseni ƙwarai, ba ya wasa da duk abin da ya yi kama da tsafi. Ranar da na je ya tafi sarin kaya, sai na ba matarsa ƙullin, ta tura shi can ƙurya bayan ledojin lamurje. Ta ce za ta gaya masa, ta manta.

Wata rana ina tsakiyar darasi matar ta kira ni tana haki, wai in zo mijinta zai ƙona abin Gwaggo, wato Inna. Na bar yara na haye kabu-kabu. Na tarar da shi a bayan kanti, ya ɗoro ƙullin a kan shebur ya miƙe hannu nesa da jikinsa, ga gawayi yana ci, bakinsa na motsi da addu'a. Ya kashe firigon, ya fito da komai.

"Ke ma da saninki?" ya ce. "Ni dai na ga ciniki ya buɗe kwanan ga, mutane dut sun taso kaina. Ashe abin da anka sa min ke nan!"

"Malam," na ce, "bazara muke. Ko a rami ka aje ruwan sanyi, mutane za su bi ka ciki."

Ban ga laifinsa sosai ba. A Arewa baƙin tsumma da jan zare a ɓoye ba ya nufin alheri, kuma kakarmu, uwar Inna da babansa, sananniyar ƴar bori ce a zamaninta. Na kwance ƙullin a gabansa na nuna masa rairayi da iri, na kunna masa muryar auta yana bayani. Ya sauke shebur a hankali, kunya ta rufe shi. Ni kuwa na samu abin tsokana na shekara, ko yau in na shiga kantin sai na tambaye shi ko iskokin firigo sun tashi lafiya.

Inna ce abin ya yi wa zafi da labari ya kai mata. Ta ce yaron da ta goya shi ne zai zarge ta da ƙulle-ƙulle. Da kansa ya hau motar kasuwa ya je Geceme ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ki yi min gahwara." Daga nan ya zama mai gadin irin. In an ɗauke wuta, kafin ya tuna da kayan sayarwa sai ya tayar da inji saboda ƙullin Gwaggo.

Da ruwa ya sauka Inna ta shuka su a garkarta ta fadama, a inuwar mangwaro kusa da rijiya. Kaɗan suka tsira. Duk daminar nan ba su yi kara ba, sai ganye mai kaushi kamar na ɓaure, baje a ƙasa. Inna ta ɗaga kowane ganye ta duba, ba mazubi ba alamarsa. Auta ya ce haka yake, shekarar farko saiwa yake yi, a yi haƙuri. Maƙwabtan garka suka dame ta da tambaya: ana miya da shi? Maganin mene ne? Da ta ce kallo kawai za ta yi, suka koma gefe suna cewa tsufa ya fara taɓa ta. Zafin rani ya kashe sauran ɗaya bayan ɗaya, duk da ban ruwan safe da yamma da rumfar zana da ta yi musu. Guda ɗaya ya rage.

A damina ta biyu wannan gudan ya yi kara. Na zo hutu na murza shi da yatsa, na ji ba mulmulalle ba ne kamar na gero, kusurwa huɗu gare shi. Bai wuce ƙirjina ba, kuma bai yi fure ba, ƙasarmu ta yi masa zafi. Amma ganyen sun fito biyu-biyu, sun rungume karan yadda auta ya faɗa. Wata safiya bayan ruwa muka je garka, Inna ta sunkuya ta leƙa. Ruwa ne kwance a ciki, garau, bai fi cikin cokali ba. Ta tsoma ɗan yatsa ta taɓa a harshe. Muna nan tsaye wani ɗan jan tsuntsu ya sauka a kan ganyen sama, ya sha, ya tashi. Inna ta yi guɗa, ita da ta ce ta bar guɗa tun auren ƙanwata. Nan take ta raɗa masa suna mai moɗa.

Na kira auta ta bidiyo na juya masa wayar. Inna ta ce ta yarda, ƙasar da ganyenta ke ajiye wa tsuntsu ruwa, mutanenta ba za su rasa kirki ba. Da ya yi shiru da an wuce wurin. Amma na ce muku yana da baki. Ya ce ai gaskiya tsiron ba ɗan Jamus ba ne, daga Amurka ta Arewa aka kawo shi. Can yake fitowa da kansa a bakin rafuka da fadamu, daga tsakiyar ƙasar zuwa gabas har cikin Kanada. Jamusawa shuka shi suke su yanke su ruɓar, su samu gas. Na harare shi ta cikin waya, na ce a raina aikin shekara biyu ya rushe.

Inna ta daɗe tana kallon ganyen. Sannan ta karɓi wayar daga hannuna ta kawo ta dab da fuskarta.

"Ashe shi ma baƙo na can, awa kai," ta ce. "Kuma bai jira sun ba shi ba. To ka ji ni da kyau. Gobe ka sayi tulu, in babu ka samu abin da ag akwai, ka aje bakin ƙohwar ɗakinka da moɗa bisa. Wanda dut ya shigo, ka miƙa mai. Kak ka tambaye shi."

Auta ya buɗe baki zai yi wasa, sai na ga ya kau da kai yana goge ido da bayan hannu. Ya ce, "To, Inna."

Da ya kira Juma'ar da ta biyo, ba ta tambaye shi ko ya sha ruwa ba. Cewa ta yi, "Wa ka ba?"